Robar da ke Ɗaukar Wutar Lantarki: Nazari kan Sababi da Natija

Ɗabi'ar roba da kowa ya sani ita ce tare wutar lantarki, shi ya sa ake naɗe waya da ita; amma a shekarar 1977 Hideki Shirakawa na Japan, tare da Alan MacDiarmid da Alan Heeger a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, suka tabbatar da cewa idan aka turara wata roba mai suna poliyasetilin da tururin aidin, ikonta na ɗaukar lantarki yakan ninku sau miliyoyi, binciken da ya kai su ga kyautar Nobel a 2000.

Tun daga nan himmar masana ta karkata ga haɗa irin wannan roba a siffar siririn shafi, wanda ake auna ƙirarsa ta ciki da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Sababi na farko shi ne sauƙin haɗi, domin poliyanilin, alal misali, ana samun ta ne idan aka zuba amoniyam fasalfet a kan anilin cikin ruwan asid, har gilashin da aka tsoma ya fito da koren shafi, ba tare da tsananin zafin da silikon ke bukata ba. Na biyu, sinadarin indiyam da ake shafa wa fuskar wayar hannu yana da ƙaranci, shafinsa kuma yakan tsage idan an lanƙwasa shi, don haka ake neman roba ta maye gurbinsa. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, Richard Kaner da Jiaxing Huang sun nuna a Kalifoniya cewa idan aka haɗa robar ta zama zare-zare, iska takan ratsa ta ko'ina, robar kuma ta yi saurin gano gurɓataccen tururi.

Fa'idar ta bayyana, domin wata roba mai suna PEDOT da kamfanin Bayer ya samar a Jamus ta shiga fim ɗin hoto da kayan lantarki masu yawa. Sai dai ƙofar da fa'ida ta shigo, ta nan illa ke biyowa: shafin da iska ke ratsawa, danshi ma yana ratsa shi ya raunana shi, sannan ɗan bambancin zafi ko motsa ruwa a lokacin haɗi yakan sauya ƙirar zaren baki ɗaya.

Saboda haka mizanin da ya kamata a auna wannan fanni da shi shi ne ƙarko da daidaito: shafin da zai jure shekaru yana aiki, wanda kuma za a iya sake haɗa irinsa gobe ba tare da saɓani ba.