Motar Wasa Mai Rimot: Ta Ɗaka Za Ka Saya Ko Ta Fili?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san motar kara da motar gwangwani, waɗanda yara kan ƙera da hannunsu, su ɗaura musu zare ko doguwar waya su yi ta ja a lungu har magariba. Yanzu kuwa zamani ya zo da wata irin motar wasa wadda ba ta bukatar zare, watau mota mai rimot, wadda yaro zai tsaya wuri ɗaya da ɗan akwati a hannu ya sa ta gudu, ta yi kwana, ta ja da baya. Magidanta da yawa sukan sayo wa 'ya'yansu irin wannan mota a lokacin salla ko cikin tsarabar tafiya, amma sau da yawa kafin mako ya kewayo sai a iske ta yashe a bayan ƙofa, taya ya fita ko inji ya ƙone, kuɗi sun tafi, yaro kuma yana kuka. Abin da ya ke jawo haka, galibi, shi ne an sayi mota ba tare da an duba inda za a tuƙa ta ba.

Yadda Aka Rabu Gida Biyu

Tarihin waɗannan motoci ma ya nuna cewa kowacce da wurin da aka ƙera ta dominsa. Tun a 1966 wani kamfani na ƙasar Italiya mai suna El-Gi ya fitar da kwaikwayon motar tsere ta Ferrari wadda a ke tuƙawa daga nesa. A 1976 kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da tasa ta farko, kwaikwayon Porsche 934, mai aiki da batir. Waɗannan duka motocin shimfiɗaɗɗen wuri ne. Sai a 1979 Tamiya ya kawo Rough Rider da Sand Scorcher, masu manyan tayoyi da sifirin, waɗanda za su iya shiga rairayi da gargada. Bayan shekara 20, a 1999, wani kamfanin Japan ɗin, Kyosho, ya fito da Mini-Z, 'yar ƙarama wadda za ta zauna a tafin hannu, domin masu son tsere a cikin ɗaki. A ƙasashen da abin ya yi ƙarfi, manya ma suna yinsa, har akwai ƙungiyar duniya mai suna IFMAR wadda aka kafa a 1979 tana shirya gasar zakarun duniya.

Saboda haka abu na farko da ya kamata mai saye ya duba a jikin kwali shi ne lambar girma. Idan an rubuta 1/10, ana nufin motar gaske ta ninka wannan sau goma a tsawo, kuma irin wannan takan kai santimita 40 ko fiye. Idan kuwa an rubuta 1/24 ko 1/28, to ƙarama ce, ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Gwargwadon girman lambar ƙasa, gwargwadon ƙanƙantar motar.

Motar Ɗaka

Wanda ba shi da fili sai falo ko baranda, ƙaramar ita ce tasa, kuma kada yawan gudun da aka rubuta a kwali ya ruɗe shi. Lissafin a fili ya ke. Motar da ke gudun kilomita 40 a awa tana cin mita 11 a cikin daƙiƙa ɗaya, watau ke nan za ta ratsa ɗaki mai tsawon mita 4 kafin yaro ya ƙifta ido, ta daki bango, ko ƙafar kujera, ko idon sawun kakarsa. A cikin ɗaki, motar da ke tafiya a hankali tana jin sitiyari ta fi mai gudu daɗin wasa nesa ba kusa ba.

A kuma lura da daɓe. Tayil yana da santsi, taya mai tauri yakan yi ta zamewa a kansa, don haka a nemi mai tayar roba mai laushi. Kafet kuwa yana riƙe taya sosai, amma zare da gashi sukan nannaɗe a gindin taya har su hana shi juyawa, sai an riƙa cirewa bayan wasa. Akwai kuma wasu ƙananan motoci da aka yi musamman domin hawa, ba domin gudu ba. Waɗannan sukan hau matashi da littattafai da takalma a hankali, kuma su ne suka fi dacewa da ƙuntataccen wuri, domin ba sa ɓarna.

Motar Fili

Wanda ya ke da tsakar gida mai faɗi, ko filin ƙwallo a kusa, sai ya nemi babba, kamar 1/10. Abubuwa uku zai duba: cikinta ya ɗaga daga ƙasa, tayoyinta su zama manya masu ƙurajen riƙe ƙasa, sa'an nan ta zama tana da sifirin a kowace ƙafa. Idan wurin rairayi ne, wadda ƙafafunta huɗu duka su ke ja ta fi, domin mai ja da biyu takan kafe. Ƙaramar motar ɗaka in aka fito da ita nan, tsakuwa ɗaya ta isa ta tokare ta.

Babban abokin gaban motar fili a wurarenmu shi ne ƙura, musamman a lokacin hunturu. Rairayi in ya shiga haƙoran giya yakan cinye su kamar zarto, don haka a zaɓi wadda giyarta ke rufe, a kuma kakkaɓe ta da buroshi bayan kowane wasa. Doguwar ciyawa tana wahalar da inji har ya yi zafi. Ruwan damina kuwa yana lalata kayan lantarkin duk motar da ba a rubuta cewa tana jure ruwa ba. Har wa yau, titin da motocin gaske da babura ke bi ba wurin wasa ba ne, gama yaron da idonsa ke kan motarsa ba ya ganin abin da ke tahowa.

Batir Ko Mai?

Wasu manyan motocin suna da ɗan injin gaske mai shan mai. Man da yawancinsu ke sha ba na gidan mai ba ne, wani haɗi ne na musamman da a ke kira nitro, wanda sai an yi odarsa. Suna da ƙara, suna da hayaƙi, kuma hayaƙin nan yana ɗauke da irin gubar da ke cikin hayaƙin janareto. Lalle ne kada a tayar da su a rufaffen ɗaki ko kaɗan. Ga mai farawa, mai batir ta fi sauƙi da arahar riƙo.

Batir ɗin ma iri biyu ne. Akwai NiMH, wanda galibi ya ke zuwa da ƙarfin bolt 7.2, mai haƙuri, ya dace da yara. Akwai LiPo, mai ƙarfi da rashin nauyi, amma yakan kama da wuta in an huda shi, ko an cika masa caji fiye da kima, ko an bar shi cikin zafi, kamar a rufaffiyar mota da rana a lokacin bazara. Kada a sa shi caji a kan katifa, kada a bar shi a caji a tafi barci, kuma in ya kumbura a daina amfani da shi nan take. Tun da ya ke caji ɗaya da wuya ya wuce rabin awa na wasa, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, batir na biyu ba almubazzaranci ba ne.

Araha Ba Ta Ado

Akwai bambanci tsakanin motar da a ke sayarwa cikin tarkacen kayan wasa da wadda aka ƙera domin masu sha'awar abin. Ta farkon in ta karye shi ke nan, ba a samun kayan gyaranta, sitiyarinta kuma ko dai ya tafi dama gaba ɗaya ko hagu gaba ɗaya. Ta biyun tana juyawa daidai gwargwadon yadda aka murɗa, kuma kowane ƙarfe da roba na jikinta ana iya kwancewa a sake. Wasu ma a warwatse a ke sayar da su, yaro ya zauna da mahaifinsa su haɗa, ya koyi aikin giya da sifirin, kamar dai yadda na da suka koyi ƙira a jikin motar kara. Sai dai irin waɗannan akasari an rubuta musu shekara 14 zuwa sama, ƙananan ɓangarorinsu kuma haɗari ne ga yaron da bai kai shekara 3 ba.

Mai 'ya'ya biyu ya duba ya ga an rubuta 2.4GHz a kwali. Tsofaffin rimot masu 27MHz in aka kunna biyu a kan tasha ɗaya sukan shiga wa juna, rimot ɗin wa ya riƙa juya motar ƙane, rigima ta tashi. Sabon tsarin, wanda ya bazu tun wajen 2005, yana haɗa kowace mota da rimot ɗinta kaɗai.

To, mai karatu, kafin ka sa hannu a aljihu, ka tsaya ka dubi gidanka tukuna. Ka auna wurin wasan, ka dubi daɓensa, ka dubi shekarun yaron, sa'an nan ka tambayi mai kanti ko ana samun taya da batir in waɗannan sun lalace. Daidai ruwa daidai tsaki. In ka yi haka, motar da ka sayo a wannan salla za ta ga ta baɗi.