Abin Da Ke Jan Ƙwallon Golf Zuwa Hagu

Cikin kurakuran da ke samun mai wasan golf, da wuya a sami wanda ya kai jan ƙwallo hagu ban haushi, domin kuwa bugu ne mai daɗi a hannu. Mutum ya ɗaga sanda ya sauke, ya ji ƙwallo ya fita tsaf, ya miƙe ɗoɗar kamar kibiya, amma sai a gan shi ya sauka yadi goma ko fi hagu da tuta, wani lokaci ma cikin ramin yashi. Duk abin da za mu faɗa nan kan mai bugu da dama ne, bahago sai ya juya maganar.

Ba a ba da magani sai an san ciwo. Wani Baturen Ingila, John Jacobs, wanda littafinsa na koyar da golf ya fito cikin 1972, ya yi suna ne da cewa a fara duban tafiyar ƙwallo kafin a dubi jikin mai bugu. Abu biyu ne ke nuna wa ƙwallo hanya, watau inda fuskar sanda ta ke kallo sa'ad da ta same shi, da kuma hanyar da kan sandar ya biyo. In duka biyu sun nufi hagu daidai da juna, ƙwallo ya kan tafi hagu sak, ba lanƙwasa. In hanyar ta nufi hagu amma fuskar ta buɗe, sai ya yi ta karkata dama. Ashe ke nan waɗannan kurakurai biyu uwa ɗaya uba ɗaya su ke. Shi ya sa za ku ga mutum ɗaya yana jan ƙwallo hagu da gajeren ƙarfe, da ya ɗauki doguwar sanda kuwa sai ƙwallon ya ɓalle dama, har ya zaci ciwo biyu gare shi.

Da, malaman wasa da yawa sun ɗauka hanyar sanda ce ke tsai da inda ƙwallo zai fara nufa. Na'urorin awo na zamani, irin su TrackMan na wani kamfanin Denmark da aka kafa cikin 2003, sun nuna fuskar sanda ce ke da babban rabo, kamar kashi uku cikin huɗu in da ƙarfe a ke bugu, da doguwar sanda ma ya fi haka. Malaman lissafi su gwada wannan a allo: kuskuren digiri 1 a nisan yadi 150 ya kan kawar da ƙwallo yadi biyu da rabi da 'yan kai, digiri 4 kuwa ya kai shi yadi goma da rabi. Digiri 4 fa ba abin da ido ke iya kamawa ba ne cikin bugu.

To, ina za a fara bincike? A shacin da ƙarfe ya bari a ƙasa. In ya nufi hagun tuta, sandar ta sauko ne daga waje ta ratsa zuwa ciki. A filayen Kaduna da Kano da rani ƙasa ta kan yi tauri har shacin ba ya fita, sai mutum ya nemi wuri mai yashi, ya ja layi, ya buga a kansa.

Daga nan sai tsayuwa, gama a ganinmu yawancin ciwon nan tun kafin a ɗaga sanda ya ke shiga. A shimfiɗa sanda biyu a ƙasa kamar layin dogo, ɗaya ta nufi tuta, ɗaya a bakin yatsun ƙafa. Sa'an nan aboki ya gitta ta uku a kafaɗun mai bugu. Sau da yawa za a tarar ƙafafu daidai su ke, kafaɗu kuwa sun riga sun juya hagu, hannuwa kuma kafaɗu su ke bi. Abin da ya fi jawo haka shi ne ajiye ƙwallo gaba da yawa wajen ƙafar hagu. Ga gajeren ƙarfe tsakiyar ƙafafu ne mazauninsa.

Akwai wani tarko da kusan kowa ke faɗawa. Wanda ƙwallonsa ke zuwa hagu sai ya ce bari ya auna dama don ya rama. Amma ido ya san inda tuta ta ke, saboda haka lokacin saukowa sai kafaɗar dama ta yi tsalle waje don ta komo da sandar kan tuta, ratsawar ta ƙaru. Mako biyu a haka ya isa ya mai da kuskuren ya zama hali.

In tsayuwa ta gyaru ƙwallo bai daina ba, to, saukowar ce. Ya kamata ƙasan jiki ya riga sama: nauyi ya koma ƙafar hagu tukuna, baya ya ɗan jima yana kallon tuta, gwiwar hannun dama ta sauko kusa da haƙarƙari, sa'an nan kafaɗu su biyo. Mai son shaida ya ajiye kwalin da ba kome ciki daura da ƙwallo ta waje, ya ɗan ja shi baya kaɗan. Sandar da ta zo daga waje lalle ta daki kwalin. A fara da rabin ƙarfi, ƙwallo ashirin ko talatin, kada a yi garaje. A duba riƙo kuma, gaɓoɓi biyu na bayan hannun hagu sun isa a gani, in sun kai huɗu fuskar sanda za ta riƙa rufewa.

Wani jan kuwa ba laifin mai bugu ba ne. A gangare, in ƙwallo ya fi ƙafafu tudu, hagu zai nufa ko a hannun gwani, nan kam daidai ne a auna dama. Haka kuma sandar da aka saya hannu na biyu, wadda aka ƙera don dogon mutum, in gajere ya riƙe ta bakinta ya kan ɗaga sama, diddigenta ya riga taɓa ƙasa, fuskar ta kalli hagu. A manna takarda mai gam a ƙarƙashin kan ƙarfen, a buga a kan katako. In gogewar ta fito wajen diddige, sai a kai sandar wurin mai gyara ya ɗan lanƙwasa wuyanta.