Sanƙarau: Yadda Ƙwayar Cuta Da Jikinmu Suke Kama Juna

Da yawa daga cikinmu ba su manta da bazarar 1996 ba, lokacin da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe sama da 11,000, akasarinsu a jihohin Arewa. Tambayar da ta tsaya wa mutane a rai ita ce, yaya yaron da ya yi wasa da safe zai rasu kafin gari ya sake wayewa?

To, 'yan'uwa, amsar tana farawa ne daga maƙogwaro. Ƙwayar da take kawo wannan ciwo irin bakteriya ce, kuma kusan mutum 1 cikin 10 yana ɗauke da ita a hanci da maƙogwaro yana harkarsa lafiya lau. Tana da waɗansu zaruruwa sirara a jikinta, da su take maƙalewa a kan waɗansu makamai da suke bisa fatar ƙwayoyin jikinmu, kamar yadda ƙarangiya take kama wando. Idan hunturu ya busar da maƙogwaro, ƙura da mura suka yi masa rauni, sai ta sami ƙofar shiga jini. Tana kuma sanye da wata riga mai santsi wadda take sa fararen ƙwayoyin jini su kasa riƙe ta da sauri.

Amma jiki ma yana da nasa makaman. Tun ranar da aka haife mu, akwai ƙwayoyi masu gadi waɗanda suke gane baƙo ko da ba su taɓa haɗuwa da shi ba. Abin mamaki, a wannan shekara ta 1996 ne Jules Hoffmann da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa ɗan ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, idan ya rasa wani abu da ake kira Toll, fumfuna takan cinye shi. A 1998 kuma Bruce Beutler a Amurka ya gano irinsa a jikin ɓeraye, wato TLR4, wanda yake jin wani maiƙo da yake bangon bakteriya irin ta sanƙarau. An ba su lambar Nobel a 2011. Mutum yana da irin waɗannan makamai guda 10.

Ga inda abin yake da ban tsoro. Da zarar TLR4 ya taɓa maiƙon nan, sai mai gadi ya yi kururuwa, zazzaɓi ya taso, jijiyoyin jini su buɗe domin mayaƙa su wuce. A ƙaramin miki wannan alheri ne. Amma ƙwayar sanƙarau tana zubar da ɓarɓashin bangonta da yawa cikin jini, har kururuwar ta game jiki duka a lokaci ɗaya. Jini ya yi ƙasa, ruwa ya tsiyaye daga jijiyoyi, mayafin ƙwaƙwalwa ya kumbura. Wato ɓarnar da take kashe yaron, wani sashenta daga ƙoƙarin jikinsa ne na kare kansa.

Shi ya sa ba ma ganin dabara a cewa bari mu ga gobe. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Allurar rigakafi kuwa rigar nan mai santsi take koya wa jiki ya gane. MenAfriVac, wadda aka soma yi a Nijar a 2010, a Nijeriya kuma a 2011, ta karya lagon nau'in A wanda ya yi ɓarnar 1996. Sai nau'in C ya ɓulla da ƙarfi a Zamfara da Sakkwato a 2017. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasar farko da ta soma amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kare mutum daga nau'i 5.