«Ciwon sukari» da rage tuwo: matsalar kalmomi wajen bayyana wani tsarin cimaka

A cikin wannan ɗan rubutu muna son mu duba wani tsarin cimaka da ake ba masu ciwon sukari shawara a kansa, wato rage abincin da Faransanci ke kira «glucides» da ƙara wanda yake kira «protéines». Ba aikin lokotoro za mu yi ba. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake faɗar shawarar da Hausa, da abin da marar lafiya yake ji idan an faɗa masa.

Bari mu fara da abin da ke faruwa cikin jiki. Sitacin da ke cikin hatsi, dawa, masara, shinkafa, rogo da burodi, in ya narke cikin hanji, komawa yake wani sukari mai suna gulukos, ya shiga jini. Sinadarin insulin ne ke shigar da shi cikin tsoka da sauran sassan jiki. Ga mai nau'i na biyu na ciwon, wanda shi ne na kusan mutum tara cikin goma na masu cutar, jiki ba ya amsa wa insulin yadda ya kamata, sai sukarin ya taru cikin jini. Tsarin da muke magana a kai yana neman kada mutum ya wuce giram 130 na wannan abinci a yini. Mafi tsananinsa yakan tsaya tsakanin giram 20 da 50. To, giram 100 na tsabar hatsi suna ɗauke da wajen giram 70. Ke nan giram 200 na hatsi kaɗai sun ƙetare iyakar yini ɗaya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1797 John Rollo, lokotoron sojan Ingila, ya ɗora masu ciwon bisa cin nama da kitse. Apollinaire Bouchardat kuma ya lura cewa sukarin fitsarin majinyatansa ya ragu lokacin da aka yi wa birnin Paris ƙawanya a 1870, abinci ya yi ƙaranci. Gano insulin a Toronto cikin 1921 ya sa an ɗan jingine ta, kafin ta dawo. A 2019 ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka ta yarda cewa rage wannan abinci yana saukar da sukarin jini, ko da yake amfanin ya fi fitowa cikin watannin farko, kuma yakan ragu bayan shekara.

Matsala ta farko tana cikin sunan cutar kansa. Mai jin «ciwon sukari» hankalinsa yakan tafi ga sukarin shayi, alewa da lemun kwalba. Sai ya bar su, ya ci gaba da shan fura safe da rana, tunda ba ya jin zaƙi a cikinta. A ganinsa ya bi shawara, kuma ba za mu ce ya yi kuskuren fahimtar Hausa ba: sunan ya nuna masa abin da harshe ke ɗanɗana, alhali cutar ta shafi abin da hanji ke narkarwa.

Kalmomin da aka saba gani cikin littattafan wayar da kai ba su warware komi ba. An fassara «glucides» da «abinci mai ba da ƙarfi». Wane manomi ne za a ce wa ya rage abinci mai ba da ƙarfi ya ji an so shi da alheri? «Abinci mai gina jiki» kuwa, a bakin jama'a, duk wata cimaka ce mai kyau, har da tuwon kansa. Wake ma, da ake sawa cikin wannan rukuni, giram 100 nasa suna da furotin sama da giram 20, amma sitaci da danginsa sun kai wajen giram 60. Sai dai harzarsa tana sa sukarin ya hau sannu. Mu dai mun fi son a ce «abinci mai komawa sukari cikin jiki». Yana da tsawo, amma yana faɗar abin da ke faruwa, kuma yana tilasta wa mai bayani ya ambaci tuwo da fura da sunansu.

Sai kuma aikatau. Kalmar «rejim» da muka aro daga Faransanci, yawancin mutane hani suke ɗaukar ta, don haka «rage» yakan zama «bari» tsakanin likita da gida. Nan haɗari yake. Wanda ke yin allurar insulin ko shan gilibenkilamid, in ya bar tuwo kwatsam ba a rage masa magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Wanda ciwon ya taɓa wa ƙoda kuma, yawan furotin na iya ƙara masa nauyi, kuma ba a ɗora mai ciki bisa mafi tsananin tsarin. Dole jimlar Hausar ta ɗauki awo: rabin malmala, ludayi nawa na fura, sau nawa a yini.

Game da abin da za a ƙara, in an ce «protéines» nama ake ji, nama kuwa tsada gare shi. Gara a lissafa abin da ke kasuwar Maraɗi ko Damagaram: ƙwai, awara, ƙuli-ƙuli, fara, busasshen kifi, nono marar sukari, kwaɗon zogale. Kuma tunda a gidaje da yawa akushi ɗaya ake sa wa hannu, ya kamata mai dafa abincin ta kasance wurin lokacin da ake bayanin.