Kafin A Cire Manhajar Rumbun Bayanai A Sake Ɗora Ta

A kantunan magani, makarantun kuɗi da ƙananan asibitocin Birnin Kudu da Gwaram, an fara barin littafin rajista ana komawa kwamfuta. Sunayen ɗalibai, sakamakon jarrabawa, bashin da ake bin masu saye, duk suna cikin rumbun bayanai, wanda wata manhaja irin su MySQL, MariaDB ko PostgreSQL ke tafiyar da shi. Ko DHIS2, da ma'aikatan lafiyar ƙasar nan ke tura rahoton wata-wata ta cikinta, kan PostgreSQL take zaune.

Matsalar tana farawa ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, batirin kwamfuta kuma ya daɗe da mutuwa. Da safe a kunna, manhajar ta ƙi tashi. A kira mai gyara, shi ko kafin ya zauna ya yanke hukunci: "A cire ta kawai a sake ɗorawa." Nan ne ake tafka asara.

Manhaja daban, bayanai daban. Ita kamar mai gadin rumbu ce. Ana iya sallamar sa a ɗauki wani gobe, amma hatsin da aka ƙona ya tafi ke nan. A Windows, MySQL na ajiye bayanai cikin folda mai suna ProgramData, wadda a ɓoye take, kuma cire manhajar ba lalle ne ya taɓa ta ba. Shi ya sa wani zai sake ɗorawa, a tambaye shi tsohuwar kalmar sirri, ya rasa dalili. Tana nan cikin tsohuwar foldar. Haushi ya kama shi, ya nemo foldar ya goge. Kalmar sirrin ta tafi, tare da rajistar shekara uku. Masu amfani da manhajar XAMPP sun fi shiga haɗari, domin bayanansu na cikin babbar foldar XAMPP ɗin kanta.

Akwai kuma wanda ke ganin ya yi dabara: ya kwafe foldar da ke ɗauke da sunan makarantarsa kaɗai zuwa filas. Bayan ya sake ɗorawa, sunayen jadawalai su bayyana amma su ƙi buɗuwa, saboda ya bar wani fayil da ake kira ibdata1, wanda sauran suka dogara da shi. Hanyar da ta fi aminci ita ce a fitar da kwafi da umarnin mysqldump tun manhajar na da lafiya. Idan ta riga ta ƙi tashi, a kwafe foldar bayanan baki ɗaya kafin a taɓa komai. A kuma rubuta lambar samfurin, domin bayanan da MySQL 8.0 ta riƙe ba sa komawa 5.7, wadda ma kamfanin Oracle ya daina kula da ita tun Oktoban 2023.

Kada a ɗauka ƙananan masu gyara kaɗai ke faɗawa wannan rami. Ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge foldar bayanai a kan kwamfutar da ba ita ya nufa ba. Da aka waiwayi kwafin ajiya, aka tarar yawancin hanyoyin da suka tanada ba sa aiki. Bayanan kusan awa shida suka salwanta. Waɗannan fa ƙwararru ne, wuta ba ta yanke musu.

Don haka, Malam mai makaranta, Hajiya mai kanti, kafin ku miƙa kwamfuta ga mai gyara, ku ce ya fitar da kwafin, ya buɗe shi a wata kwamfutar a gabanku, ku ga sunan ɗalibin da kuka rubuta jiya da idonku. In bai iya nuna muku wannan ba, kada ku bari ya cire komai.