Asalin Kalman Nan Kwabo

Bismillahi, da shi muke neman taimako. Bayan haka, a kasuwar Tambuwal da ta Kebbe, in ciniki ya ƙi faɗawa sai ka ji mai kaya ya ce ba ya rage ko sisin kwabo. Mutane da yawa suna zaton kalman nan gadon kaka da kakanni ce, alhali kuwa baƙuwa ce. Sa'ad da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna Tambuwal, da wuri ake ciniki, ba a san kwabo ba sai bayan da Nasara suka ci Sakkwato a 1903.

Asalinta Ingilishi ne. Mutanen Ingila suna ce wa jan ƙarfe copper, watau abin da Larabawa ke kira nuhas, wanda aka ambata cikin Suratur Rahman. Da shi aka buga peninsu a 1797, har sunan ƙarfen ya koma sunan ƙananan kuɗi duka. Da kalmar ta iso gaɓar teku Yarabawa suka ce kobo, Bahaushe ya daidaita ta da harshensa ya ce kwabo.

Su ma Ingilishi aro suka yi. Rumawan dā daga tsibirin Kubrus suke samun jan ƙarfe mai yawa, sai suka sa masa sunan tsibirin, suka ce kuprum. Malamai sun san Kubrus, don can ne Mu'awiya ya kai rundunar teku zamanin Sayyidina Usmanu, can kuma Ummu Haram 'yar Milhan, Allah ya yarda da ita, ta rasu aka rufe ta.

Zamanin Turawa kwabo 12 ke sule, sule 20 ke fam. Kwabon nan mai huda a tsaka ya ishe mutum sayen jarida, shi ya sa wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 aka kira ta Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ran 1 ga Janairu 1973 aka sauya kuɗi, fam guda ya zama naira 2, kwabo 100 ya zama naira, sule ya koma kwabo 10. Suna bai sake ba, ƙima ta sake. Yau kuwa kwabo ba ya sayen ko tsinken ashana.

Nan ne abin lura ga attajiri da alƙali. Wanda ya tarad da tsohuwar takardar bashi ko ta wasiyya, ya fara duba shekararta kafin ya yi lissafi, don kwabon dā da na baya ba ɗaya ba ne, kada a tauye hakkin maraya. Shari'a ba ta rataya hukunci ga sunan kuɗin kowane zamani ba. Ta ajiye nisabin zakka bisa dinari 20 na zinariya ko dirhami 200 na azurfa, mafi ƙarancin sadaki kuwa rubu'in dinari a mazhabar Imamu Malik.

Allah ya ba mu arziki na halal, ya tsare mu da cin hakkin wani. Allah shi ne masani.