Idan Haƙoran Ramin Fulogi Suka Cinye, Inji Bai Mutu Ba

Duk manomin rani da ya taɓa jan igiyar injin ban-ruwa, ya ji wata ƙara, ya ga fulogi ya yi tsalle ya fice daga raminsa, ya san abin da ake kira tashin hankali. Ga tumatir ya fara fure, ga rana tana ƙuna, ga inji ya yi shiru. Wannan matsala kuwa ba ta bar ɗan acaɓa ba, balle mai janareta ko mai injin markaɗe.

Dalili shi ne, jikin fulogi baƙin ƙarfe ne mai tauri, kan inji kuwa galibi da alminiyam ake yin sa, wanda yake da taushi. Saboda haka in aka cusa fulogi a karkace, ko aka ɗaure shi fiye da kima, ko aka kwance shi inji yana da zafi, haƙoran ramin ne za su cinye. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa.

Waɗansu kan naɗa wa fulogin leda ko zare, ko su shafa masa gam. Wannan yaudarar kai ce kawai, domin babu ɗayansu da zai jure wutar da ke tashi a cikin silinda.

Gyaran gaskiya hawa uku ne. In haƙora biyu ko uku na bakin ramin ne kaɗai suka lanƙwashe, makanike kan bi su da ƙarfen gyaran haƙora a hankali har su miƙe. In kuwa sun cinye ƙurmus, sai a faɗaɗa ramin kaɗan, a yanka sababbin haƙora, a murɗa wani zobe a ciki wanda fulogi zai kama. Akwai zoben waya mai kama da sifirin, irin na Heli-Coil, wanda aka ƙago a Amurka a shekarun 1930 saboda injunan jiragen sama. Akwai kuma zoben ƙarfe dunƙulalle, wanda ya fi jure yawan kwancewa da ɗaurewa. Sai fa in kan injin ya tsage, sa'an nan ne za a nufi Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Ikko, a nemo wani.

Lalle ne zoben ya dace da fulogin a kauri da tsawo. Yawancin janaretoci da injunan ban-ruwa na fetur suna amfani da fulogi mai kaurin milimita 14, babura da yawa kuwa 10 ko 12.

Abin da ya fi kyau shi ne a sauke kan injin kafin a soma yanka. In hakan bai yiwu ba, to a juya inji har fistin ya sauka, bawuloli kuma su rufe, a shafa wa ƙarfen yankan giris mai yawa domin ɓurɓushin ya manne masa. A riƙa fito da shi ana gogewa, daga bisani a hure ramin da iska. Ɓurɓushin da ya saura a ciki zai iya karce silinda, gyara ya zama ɓarna.

Amma rigakafi ya fi magani. A bari inji ya huce kafin a taɓa fulogi, a share ƙasar da ke kewaye da shi. A fara ɗaura shi da yatsu. In ya cije tun farko, a kwance a sake, kada a tilasta masa. Sai ya zauna daram za a ɗauki sifana: sabon fulogi a ƙara masa kamar rabin zagaye, wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa kada a wuce rubu'i.

Maigida ya koya wa yaransa wannan tun kafin ya miƙa musu sifana. Haƙurin minti biyu ya fi asarar amfanin rani guda.